Agogon roba mai launi: juya bayansa kafin ka biya kuɗi

Agogon roba iri uku ne ke yawo a hannun mutane, kuma daga nesa kamarsu ɗaya. Akwai wanda ake talla a tire ko a rataye jikin allo a bakin tasha, ja da kore da ruwan hoda, ba sunan kamfani, ko kuma an buga masa sunan da ba nasa ba. Akwai na kamfanonin Japan masu sauƙin kuɗi, wato Casio da Q&Q. Sai Swatch na Suwizalan, wanda ya mai da agogon roba mai launi kayan ado. Duk ukun batir ne ke tafiyar da su, duk ba su da nauyi, kuma ranar da aka saye su duk suna ba da lokaci daidai. Bambancin sai bayan watanni yake fitowa, ranar da maɗauri ya tsinke, ko batir ya mutu, ko aka idar da alwalar asuba aka ga gilashin ya yi raɓa daga ciki. A ranar ne za ka san ko abin da ka saya mai gyaruwa ne ko na zubarwa. Amsar tana bayan agogon: yadda aka rufe murfinsa, yadda aka haɗa maɗaurin da jikinsa, da irin batirin da yake ci. Fuska da launi su ke jan ido, amma ba su ke riƙe agogo ba.

Injin da ke ciki

Kalmar QUARTZ da ake gani a fuskar galibin waɗannan agoguna sunan wani dutse ne mai kama da gilashi. A cikin agogon akwai ɗan guntunsa, an yanka shi da baki biyu an rufe a cikin bututun ƙarfe da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba. Idan wutar batir ta taɓa shi sai ya riƙa karkarwa sau 32,768 a sakan guda. Wani ɗan allon lantarki ya riƙa raba wannan adadi gida biyu har sau 15, sai a sami bugu ɗaya a kowane sakan. A agogo mai tsinke, wannan bugun ne ke ratsa koyil, wato siririyar wayar da aka naɗe, ya juya ɗan maganaɗisu, shi kuma ya tura giyoyi, tsinken sakan ya matsa gaba taku ɗaya. A agogo mai lamba babu abin da ke motsi, lambar kawai ke sauyawa a allo. Kamfanin Seiko ne ya fara sayar da agogon hannu mai wannan dutse a watan Disambar 1969, da tsadar da ta yi kusa da ta ƙaramar mota. Yau injin da ke yin wannan aiki ya fi maɗaurin agogon araha.

Nan ne babbar fa'idar take, kuma ba a yi mata gardama. Casio ya rubuta cewa samfurinsa F-91W mai lamba ba ya wuce sakan 30 gaba ko baya a wata, MQ-24 mai tsinke kuma sakan 20. Agogon sifirin mai araha, wanda ba ya cin batir, ake murɗa shi ko yake tafiya da motsin hannu, yana iya yin wannan kuskure a yini guda. Ko agogon tire, in dai injinsa lafiya yake, zai fi shi riƙe lokaci.

Zafi yana taɓa lissafin, amma kaɗan. An yanka dutsen ne don ya fi daidaito a wajen digiri 25, kuma ko sama aka yi ko ƙasa, jinkiri yake yi. Agogon da aka bari a wuri mai digiri 45 zai rasa kusan sakan ɗaya a yini. A hannu kuwa zafin jiki yana daidaita shi, shi ya sa wanda ake ɗaurawa kullum ya fi wanda ke kwance a taga riƙe lokaci.

Inda injuna suka rabu shi ne ƙarko. Idan mai gyara ya buɗe agogo mai tsinke, a jikin injin akwai rubutu. Injin Miyota 2035 na rukunin kamfanonin Citizen ne, kuma irin injunan Miyota ake sa wa Q&Q domin shi ma na gidan ne. PC21 na rukunin Seiko ne. Waɗannan biyun sun cika duniya, masu gyara sun san su, kuma in ɗaya ya mutu ana cire shi ɗungurungum a sa sabo cikin 'yan mintuna. Agogon tire galibi injin China mai araha yake ɗauke da shi, irin SL68, wanda roba ta fi yawa a cikinsa. Yana aiki, amma bai jure faɗuwa da ƙura kamar waɗancan. Alamar da ake gani da ido ita ce tsinken sakan ya riƙa rawa a wuri ɗaya, yana son tafiya ya kasa. Ko dai batir ya yi sanyi, ko datti ya shiga tsakanin haƙoran giya, ko kuma tsinkayen sun lanƙwashe suna gogar juna. Rubutun JAPAN MOVT a ƙasan fuska ba hujja ba ce, kowa na iya buga shi. Rubutun jikin injin ne abin dubawa.

Batir, inda aka fi yin asara

Agogo mai tsinke mai araha kusan duk batir ɗaya suke ci, mai faɗin milimita 6.8 da kauri 2.6. Amma batir biyu ne ke da wannan girma, kuma a ido ba ka raba su. Ɗaya an rubuta masa SR626SW ko 377, shi ne na azurfa, mai ƙarfin bolt 1.55, wanda ke riƙe ƙarfinsa daidai har ya kusa ƙarewa. Ɗayan an rubuta LR626 ko AG4, shi ne wanda ake sayarwa goma a kati guda. Ƙarfinsa a hankali yake zubewa, ba ya kai na farko daɗewa, kuma ya fi saurin yoyo. Idan ya yi yoyo, za a ga farin gari ko kore-kore a kan harshen ƙarfen da ke taɓa shi, daga nan ya ci allon lantarkin. Agoguna da yawa da ake cewa sun mutu don kansu, batirin kati ne ya kashe su. Da batirin azurfa na kirki, MQ-24 ko injin Miyota 2035 yana kai kimanin shekara uku. Don haka in ka je wurin mai gyara, ka ce ya nuna maka lambar batirin kafin ya sa, ko da kuɗinsa ya ninka.

A nan agogo mai lamba ya yi wa mai tsinke fintinƙau. F-91W batirin CR2016 yake ci, mai bolt 3, faɗin milimita 20 da kauri 1.6, kuma kamfanin ya ƙiyasta masa shekara bakwai. W-800H, shi ma na Casio, shekara goma. Wato sau da yawa maɗauri biyu ko uku za su tsinke kafin a buɗe bayan agogon ko sau ɗaya, kuma duk agogon da ba a buɗe ba ya fi tsare ruwa. Masu lamba na tire ba su da wannan fa'ida, musamman na yara masu fitila kala-kala da ke walƙiya. Fitilar ce ke shanye batirin, yaro kuma ba zai daina dannawa ba. Cikin 'yan makonni lambobin za su dusashe.

Sauya batirin F-91W aiki ne na minti goma, amma a nan ake ɓata shi. Sukuru huɗu ne a murfin baya, kuma cikin roba suke shiga kai tsaye. Mai gaggawa ya ɗaure su da ƙarfi, sai ramin ya gwale, murfin ya daina matse zoben robar da ke hana ruwa shiga. Yadda ya dace shi ne a juya sukurun baya kaɗan har a ji ya faɗa tsohon zarensa, sannan a ɗaure a hankali, wannan kusurwa sai wadda ke kallonta. Kafin a rufe, a ɗauko matsefatar ƙarfe a haɗa wurin da aka rubuta AC da saman batirin na sakan biyu, domin allon ya tashi sabo. In ba a yi haka ba, fuskar tana iya zama fayau ko ta nuna lambobi a hargitse, har a zaci agogon ya lalace. Akwai kuma ɗan harshen ƙarfe, a wasu samfuran ɗan sifirin ne siriri kamar gashi, wanda ke taɓa faifan da aka liƙa a cikin murfin. Shi ke sa ƙararrawa ta yi kuka. In ya lanƙwashe ko ya faɗi a teburin mai gyara, agogo zai ba da lokaci amma ya zama bebe.

Abu biyu kuma game da batir. Agogon da aka daina sawa, a cire masa batir kafin a ajiye. Sannan tsohon batir kada a bar shi a inda yaro zai kai. Mai faɗin milimita 20 ɗin nan yana maƙalewa a maƙoshin yaro, kuma cikin awa biyu yana iya ƙona naman wurin. In aka yi zargin yaro ya haɗiye, asibiti za a nufa nan take, ba jira ba, ba sa shi amai ba. Wannan ma dalili ne na fifita agogon da aka ɗaure bayansa da sukuru a kan mai murfin da ake ɓallewa da farce, in dai ƙaramin yaro za a saya wa.

Ruwa da alwala

Mai salla yana kai hannunsa ga ruwa kusan sau biyar a yini, don haka batun ruwa a wurinmu ba na lokaci-lokaci ba ne. Lambobin da ake rubutawa suna ruɗar mutane. WATER RESIST kaɗai, ko 30M, ko 3 BAR, ba ya nufin za ka nutse mita talatin da shi. Gwajin matsi ne da aka yi wa sabon agogo yana ajiye, ba motsi. A aikace ma'anarsa fantsamar ruwa, yayyafi, wanke hannu da alwala. Mai 50M zai ɗauki wanka da ɗan iyo. Wanda ke shiga kogi ko yake aikin wanki da ban-ruwa, ya nemi mai 100M, irin W-800H mai lamba ko MRW-200H mai tsinke, kuma duka jikinsu roba ne.

F-91W na gaskiya yana jure alwala shekara da shekaru matuƙar ba a danna madannansa yana jiƙe ba, domin dannawar ce ke buɗa wa ruwa hanya. Mai tsinke kuwa rauninsa a mamurɗi yake, ɗan kan nan da ake ja a saita lokaci. In aka manta ba a mayar da shi ciki sosai ba, ko sandarsa ta lanƙwashe, ruwa ta nan zai bi. Agogon tire da yawa ba su da zoben roba ko a murfi ko a mamurɗi, duk da an buga musu rubutun jure ruwa. Irin wannan sai dai a riƙa cire shi a kowace alwala, kuma agogon da ake cirewa sau biyar a yini a bakin famfo ko ƙofar masallaci, ƙarshensa mantuwa ne ko faɗuwa a siminti. Wanda kuma zai bar nasa a hannu, ya sassauta maɗaurin yadda zai iya motsa shi ruwa ya ratsa fatar da ke ƙarƙashi.

Ruwan zafi da sabulu sun fi ruwan sanyi ɓarna, suna busar da zoben robar ya taurare. Duk lokacin da aka buɗe baya, a duba zoben. In ya baje ko ya tsage a sauya shi, in lafiya yake a shafa masa ɗan man silikon, ba man shafawa ko baƙin mai ba, don su kumbura robar suke yi. Idan raɓa ta riga ta bayyana a cikin gilashi, a ranar za a buɗe baya, a cire batir, a bar shi a inuwa mai iska kwana ɗaya ko biyu. Shanya shi a rana ko kusa da murhu yana korar raɓar daga gilashi ta koma cikin inji, ka zaci ta tafi, bayan mako biyu tsatsa ta ci koyil.

Maɗauri da launi

Ga inda ya kamata mai son launi ya tsaya ya yi tunani. Launin agogon roba kusan duk a maɗauri yake, kuma maɗaurin ne ke fara mutuwa. Na Casio da makamantansa wata roba ce da gumi da danshi da hasken rana ke cinye ta a hankali. Da farko sheƙinta ya tafi, sai ta taurare, sai ƙananan tsagu su fito a gefen ramin da aka saba sa ƙugiya, wata rana kawai ta karye kamar busasshen kara. Ga mai sawa kullum a zafi irin na Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas, shekara biyu zuwa uku ne abin da za a sa rai. Ɗan zoben da ke riƙe wutsiyar maɗaurin shi ke riga tsinkewa. Na tire galibi robar leda ce mai tauri wadda aka tausasa da sinadari, kuma idan sinadarin ya fara fita sai ta riƙa danƙo tana kama datti, daga baya ta bushe. Akwai kuma na silikon, mai laushi, wanda rana da gumi ba su cika yi masa illa ba. Aibinsa biyu: a lokacin hunturu ƙura da zaren tufafi suna manne masa, kuma da zarar ya sami ɗan tsagu sai ya yage gaba ɗaya.

Launuka ba ƙarkonsu ɗaya ba. Baƙi ya fi kowane daɗewa, domin baƙin garin da ake zuba wa robar yana kare ta daga hasken rana. Ja da ruwan lemo da launuka masu ƙyalli su ke fara koɗewa. Fari da mai garai-garai, wanda ake hango ta cikinsa, rawaya-rawaya suke komawa, kuma wannan ba datti ba ne da sabulu zai fitar, robar ce kanta ta sauya. Ga kuma tabo. Farin maɗauri ko mai ruwan hoda idan ya gogi hannun rigar sabuwar shadda mai zuba, ko rinin shuni, zai ɗauki launin ya riƙe. Haka lalle, haka manja, haka kurkur. Uwargida da ke girki da agogo a hannu, ko budurwar da za a yi wa ƙunshi, ta cire shi tukuna, ko kuma tun farko ta zaɓi shuɗi mai duhu, kore mai duhu ko ruwan ƙasa.

Turare ma yana da nasa. Wanda ake fesawa yana ɗauke da sinadarin da ke sa gilashin roba ya yi ƙananan tsagu kamar saƙar gizo, kuma a wuyan hannu aka fi fesa shi. A fesa, a bari ya bushe, sannan a ɗaura agogo. Maganin sauro na shafawa a jiki, fetur, da tina ta masu fenti suna narkar da saman robar ta yi dabbare-dabbare. Bakanike da mai sayar da mai su lura da wannan.

A agogon kirki launin a cikin robar aka dama shi, ko an kankare shi launin ne a ƙasa. A mai araha wani lokaci fenti ne a sama. Ka ɗan karci cikin maɗaurin da farce a gaban mai kaya, in fari ko toka ya leƙo, fenti ne, kuma gefunan agogon za su koɗe cikin wata biyu.

Sai tambaya mafi muhimmanci: in maɗaurin ya tsinke, ana sauya shi? Juya agogon ka duba inda maɗauri ya haɗu da jiki. In ka ga ɗan fil na ƙarfe da ya ratsa tsakanin kunnuwa biyu, ana sauyawa. F-91W maɗauri mai faɗin milimita 18 yake ɗauka, MQ-24 mai 16, kuma ana samunsu wurin masu gyaran agogo a manyan kasuwanni. In kuwa jiki da maɗauri a tare aka zuba su, roba ɗaya ba gaɓa, ranar da ya tsinke agogon ya gama yawo ko da injinsa na bugawa. Manna shi da gam ba ya riƙewa, domin wurin lanƙwasa ne. Ko ga mai sauyuwar, baƙin maɗauri ne ke cika kasuwa. Casio yana da samfura masu launi, irin jerin F-91WC masu kala mai haske da F-91WS masu garai-garai, amma samun maɗauri mai launin da ya dace da jikinsu bayan shekara biyu sai an sha nema. Dabarar da ta fi ita ce a sayi agogo mai baƙin jiki, a nemi launin a maɗaurin zaren lailon da ake zurawa ta ƙarƙashin fil. Yana da araha, ana wanke shi, ana sauya shi da kalar kaya, kuma ko fil ɗaya ya fita agogon ba ya faɗuwa. Sai dai yana shan ruwa, in ba a wankewa zai yi wari.

Ƙaiƙayi da ƙuraje a wuyan hannu galibi gumi da sabulun da suka maƙale ne ke kawo su, kuma wanke agogon da tsohon burushin haƙori sau ɗaya a mako yana magance su. In kuwa jan tabon daidai da'irar murfin baya ne ko ƙugiya, ƙarfen ne. Murfin kirki an rubuta masa STAINLESS STEEL BACK kuma ba ya sauya kala. Na araha ƙarfe ne mai rufin sama, in gumi ya cinye rufin sai ya yi ramuka ya riƙa cin fata.

Gilashin waɗannan agoguna shi ma roba ne, yana saurin karcewa amma ba ya tarwatsewa, kuma ƙananan karce suna fita da man goge baki da tsumma mai laushi cikin minti biyar. Mai lamba kada a bar shi a gaban mota da rana: allon zai yi baƙi, ya dawo in ya huce, amma in aka maimaita sai ya ƙone dindindin.

Swatch, mai kyau da ba a buɗewa

Labarin Swatch daban ne. Lokacin da agogunan Japan masu batir suka durƙusar da masana'antar Suwizalan, injiniyoyi biyu na kamfanin ETA, Elmar Mock da Jacques Müller, a ƙarƙashin Ernst Thomke, suka ƙera agogo mai sassa 51 a madadin 91 ko fiye da aka saba. An fara sayar da shi a Zurik ranar 1 ga Maris 1983, samfura 12, kuma ba da jimawa ba farashinsa ya tsaya a faran 50 na ƙasar. Yadda suka rage sassan shi ne suka mai da gindin jikin robar ya zama shi ne farantin da aka dasa injin a kai, sannan suka narka bakin gilashin ya haɗe da jiki.

Fa'idarsa da aibinsa duk daga nan suka fito. Siriri ne, ba shi da murfin baya da zai yi yoyo, launinsa da zanensa sun fi na kowa tsari. Batirinsa a wata 'yar ƙofa yake da ake murɗewa da kwabo, kuma samfurin Gent mai faɗin milimita 34 lamba 390 yake ci, wanda ba kowane mai gyara ke ajiye shi ba. Amma in koyil ya mutu, ko tsinke ya fita, ko gilashi ya fashe, babu hanyar shiga. Mai gyara mafi ƙwarewa ma sai dai ya mayar maka da abinka. Maɗaurinsa kuma na gidansu ne, mai haƙora da ke shiga tsakanin haƙoran jiki, na kasuwa ba ya hawa sai an yanka. Bugun sakan ɗinsa yana da ƙara, a ɗaki shiru da dare ana jinsa sarai, wasu har sai sun sa shi a aljihun tebur. Kuɗinsa ya ninka na F-91W sau da yawa. Ga mai zama a inda kamfanin ke da shago, ko mai ɗan'uwa da ke zuwa da dawowa, zaɓi ne mai ma'ana in ado ake nema. Ga wanda ke Gusau ko Maraɗi yana son agogon aiki, biyan kuɗi mai yawa a kan abin da ba a gyarawa ba dabara ba ce. Tun da Swatch suka fitar da agogon MoonSwatch tare da kamfanin Omega a 2022, jabunsa ya cika kasuwannin intanet, don haka wanda aka yi maka tayinsa da araha, ka ɗauka jabu ne.

Jabun Casio ma ya fi na gaskiyar yawa a tire. F-91W tun 1989 ake yin sa, nauyinsa giram 21, kuma a murfin bayansa an zana lamba 593 a cikin ɗan akwati. Ka danne madannin dama na sakan uku, na gaskiya zai rubuta CASIo a fuska. Wasu sababbin jabu sun koyi wannan, saboda haka a ƙara da wasu alamu: rubutun baya ya zama zane mai zurfi da tsabta, lambobi su fito baƙi ƙirin ko an ɗan karkata agogon, madannai su dawo da kansu ba sa maƙalewa. In mai kaya ya yarda da sharaɗin mayarwa, saita shi da waya ka duba bayan mako guda. Na gaskiya ba zai kauce fiye da sakan bakwai ba. Shi ma yana da nasa rauni: fitilarsa ɗan ɗigo ne a gefe guda, da ƙyar take haska rabin fuska in an ɗauke wuta, F-105W ne ke haska fuskar baki ɗaya. Kuma bai san shekara ba, kullum Fabrairu kwana 28 ce a wurinsa, don haka a 2028 sai ka gyara kwanan wata da hannunka.

To wane ne na wa? Yaron firamare da zai ɓatar da agogo kafin zangon karatu ya ƙare, na tire ya ishe shi, a zaɓi mai sukuru a baya. Ɗalibin makarantar kwana da aka hana riƙe waya, mai lamba na gaskiya ya fi masa, saboda ƙararrawar tashi da batirin da zai kai shi har ya gama sakandare, sai dai ya san JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a a Najeriya, ba ta barin a shiga ɗakin jarrabawarta da agogon hannu. Ma'aikaciyar jinya da ke ƙirga bugun jini tana bukatar tsinken sakan da farar fuska mai manyan lambobi, MQ-24 ko Q&Q, kuma roba ta fi fata sauƙin wankewa. Dattijon da idonsa ya yi rauni shi ma fuskar nan ce ta fi masa, lambobin F-91W ƙanana ne. Ɗan acaɓa, manomi, magini da mai faskare, mai lamba za su nema, domin girgiza da duka suna fitar da tsinkaye daga mazauninsu, mai lamba kuwa ba abin da zai fita. Haka mai gyaran rediyo da lasifika, don maganaɗisu yana tsayar da injin mai tsinke, ba ya taɓa mai lamba. Wanda ba ya son zancen batir sam, Q&Q yana da jerin SmileSolar masu launi da ke caji da haske, sai dai kada a kulle su a akwati wata da watanni.

Inda agogon roba ba ya shiga shi ne kayan lefe da kyautar girmamawa. Araha ba ta ado a irin wannan wuri, kuma ba shi da daraja in za a sayar da shi na hannu. Na tire kuma, in za a ba yara a kayan salla, a duba ƙarƙashin mamurɗin: sabo na zuwa da ɗan guntun roba da aka soka don ya tsayar da inji. In yana nan, batirin bai sha aiki ba. In babu kuma agogon na tafiya, ba wanda ya san watannin da ya yi yana bugawa a rana, sai a sa kuɗin sabon batir na azurfa a cikin ciniki tun kafin a bar wurin.